Tarkon da Ya Ceci Shaho

Ƙasar Kazaure tana arewa maso yamma cikin Jihar Jigawa. Ɗantunku ne ya kafa sarautarta a zamanin jihadi, wajen 1819. Yanzu ta ƙunshi Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi, ga Babura kuma tana maƙwabtaka da ita daga gabas. Ƙasa ce mai duwatsu da tuddai, da gonakin gero da dawa da gyaɗa, ga kuka da tsamiya da gawo tsakanin gonaki. Irin wannan wuri tsuntsaye masu farauta su ke so, don suna samun dutse ko dogon itace na yin sheƙa, ga kuma sarari inda za su hangi abinci tun daga nesa.

Mutanen ƙasar sun san waɗannan tsuntsaye sarai, watau shaho da shirwa da gaggafa da ungulu da mujiya, amma ba su cika ganinsu da mutunci ba. Shaho da shirwa ɓarayin 'yan tsaki ne, ungulu ƙazama ce, mujiya kuwa a kan camfa ta. Maharbin ƙasar Hausa da baka da kibiya a ka san shi, da kare, da bindiga, wani lokaci ya ɗaura kan burtu a goshi ya yi rarrafe har ya kusanci nama. Yara kuwa su kan ɗana wa tsuntsaye asuta. A waɗansu ƙasashe dabam, shaho shi ne abokin farautar maharbi, kuma tarkon da a ka kama shi da shi ya zama sanadin tsirar zuriyarsa sa'ad da ta kusa ƙarewa. Labarin yadda haka ta faru yana da amfani ga mutanen ƙasar Hausa, domin yanzu akwai tsuntsunsu da ya shiga irin wannan hali.

Farauta da shaho

Farauta da shaho tsohuwar sana'a ce, ta fi shekara dubu biyu. Daga ƙasashen Asiya ta fito, ta yaɗu cikin Farisa da ƙasashen Larabawa da Turai. Malaman ƙasar Hausa sun daɗe da sanin labarinta cikin littattafai. A Suratul Ma'ida an halatta abin da dabbar farauta da a ka horar ta kamo, kuma duk almajirin da ya karanta Risala ya tarad da hukuncin abin da kare ko bazi ya kashe in mai shi ne ya sake shi. Bazi ɗin nan wani irin shaho ne.

Larabawan ƙauye na Jaziratul Arab ga yadda su ke yi tun zamanin dā. Da kaka, sa'ad da shahuna ke ratsowa daga arewa, sai su ɗaura wa tantabara waɗansu zarge na gashi ko na zare a baya, su sake ta. Shaho ya kawo sura, ƙafarsa ta sarƙe. Mai shi ya sa masa wata 'yar hula ta fata wadda ta ke rufe ido, don in shaho ba ya gani ya kan natsu. Ya ɗaura masa tsirkiya a ƙafafu, ya riƙa yawo da shi a hannu dare da rana, yana yi masa magana, yana ba shi nama da hannunsa. Cikin 'yan makonni tsuntsun ya saba, har a sake shi ya kamo wani tsuntsu dangin tuje wanda su ke kira hubara, ko zomo, a kira shi ya komo. Da shi su ke samun nama duk lokacin sanyi. In zafi ya gabato sai su kwance tsirkiya su sake shi ya koma ƙasarsu ya yi ƙwai. Ashe aro su ke yi, ba su raba daji da tsuntsunsa har abada.

Turawa sun ƙaru da Larabawa ƙwarai cikin wannan sana'a. Wani babban sarki mai suna Firedirik na Biyu, wanda ya mallaki Sisili da Jamus, ya rasu cikin 1250, ya tara masu shaho Larabawa a fadarsa, ya yaɗa amfani da hular nan a Turai. Ya kuma rubuta babban littafi a kan farauta da tsuntsaye, inda ya bayyana yadda su ke ƙaura da yin sheƙa da canja gashi, bisa abin da ya gani da idonsa. Har yau masana suna lissafa shi cikin waɗanda su ka fara binciken halin tsuntsaye.

Da bindiga ta yawaita, sana'ar ta ja da baya a Turai. Shaho ya tashi daga abokin sarakuna ya koma abokin gaba, masu gadin dajin attajirai su ka yi ta harbinsa. Masu shaho su ka ragu, sai 'yan kaɗan da su ka riƙe sana'ar don sha'awa.

Yadda shahin ya kusa ƙarewa

Cikin dukan shahuna babu wanda ya kai shahin suna. Ana samunsa kusan ko'ina a duniya, kuma in ya dunƙule ya sulalo daga sama gudunsa ya kan wuce mil 200 cikin awa guda. Babu wata halitta mai rai da ta kai shi sauri.

Cikin 1939 wani masani a ƙasar Suwizalan, Paul Müller, ya gano cewa wani magani da a ke kira DDT yana kashe ƙwari. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu a ka shiga fesa shi a gonaki da gidaje a ƙasashe da yawa, har da Nijeriya, kuma ya ceci mutane masu yawa daga zazzaɓin cizon sauro. Amma yana da wani aibi da ba a lura da shi ba da farko, watau ba ya narkewa cikin jiki. Ƙwaro ya ci magani, ƙaramin tsuntsu ya ci ƙwari ɗari, shahin kuma ya ci ƙananan tsuntsaye ɗari. Dafin duka sai ya taru a jikin na ƙarshe.

Abin mamaki, masu kiwon tantabaru ne su ka jawo a ka gane ɓarnar. A Ingila sun kai ƙara wurin hukuma cewa shahin ya yi yawa, yana cinye musu tantabaru. A ka sa wani masani, Derek Ratcliffe, ya ƙidaya shahunan cikin 1961 da 1962. Da ya zaga duwatsun da a ka san suna sheƙa, sai ya tarar wajen rabinsu babu kowa, inda kuwa a ke da tsuntsaye sau da yawa ƙwai a fashe ya ke. Ya tafi gidajen ajiye kayan tarihi ya auna ɓawon ƙwai da a ka tara tun shekaru masu yawa, ya gwada da na sabon zamani. Cikin 1967 ya bayyana cewa tun wajen 1947 ɓawon ya rage kauri da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Uwa ta hau kwanci, ƙwai ya fashe a ƙarƙashinta.

A Amurka abin ya fi muni. Cikin 1964 an bi tsofaffin wuraren sheƙa na gabashin ƙasar, ba a sami ko ɗaya mai tsuntsu ba. Cikin 1972 gwamnatin Amurka ta hana fesa DDT a gonaki. Amma hana magani ba ya komo da tsuntsun da ya riga ya ƙare. Sai an sami iri, an kuma sami wanda ya san yadda a ke renonsa.

Gudunmawar masu shaho

A nan ne 'yan kaɗan ɗin nan da su ka riƙe tsohuwar sana'a su ka yi rana. Wani malamin jami'ar Cornell mai suna Tom Cade, wanda tun yana yaro ya ke farauta da shaho, ya kafa wata ƙungiya cikin 1970 don kiwon shahin. Masu shaho su ka kawo tsuntsayensu da su ka kamo daga daji tun kafin a hana, su ka ba da su don a yi iri. Mutane da yawa sun ce shahin ba zai taɓa hayayyafa a ɗaki ba. Amma waɗannan mutane sun san abincinsa, sun san abin da ke firgita shi da abin da ke kwantar masa da hankali. Cikin 1973 a ka sami 'ya'ya ashirin.

Saura yadda za a mai da su daji, tun da ba su da iyayen da za su koya musu farauta. Nan ma wata tsohuwar dabara ce ta yi aiki. Tun zamanin dā, in masu shaho na Turai sun ɗebo 'ya'ya daga sheƙa, su kan ajiye su a wani akwati a sarari, suna kai musu nama, su bar su suna tashi suna komowa har ƙarfinsu ya kawo, sa'an nan su sake kama su su horar. To, sai a ka bi wannan hanya, a ka bar kamun ƙarshe kaɗai. A kan ɗora akwatin bisa dutse ko hasumiya, a riƙa zura nama ta wata kafa yadda 'ya'yan ba za su ga mutum ba balle su saba da shi. In sun isa tashi a buɗe ƙofa, a ci gaba da ajiye nama har makonni, ran da su ka iya kamu da kansu su daina zuwa.

An fara saki cikin 1974. Cikin 1980 waɗanda a ka saka su ka yi 'ya'ya da kansu a gabashin Amurka. Duka-duka an saki wajen 6,000 a Amurka da Kanada, kuma cikin 1999 a ka cire shahin daga jerin tsuntsayen da a ke tsoron ƙarewarsu a Amurka. Yau har bisa dogayen benaye na manyan birane ya ke sheƙa.

Dabarar ta yi amfani a waɗansu wurare. A tsibirin Morishas, gabas da Madagaska, akwai wani ƙaramin shaho wanda ba a samunsa ko'ina sai can. Cikin 1974 guda huɗu kaɗai a ka sani sun rage a daji. Da irin wannan kiwo da saki a ka mai da su ɗaruruwa. A jihar Kalifoniya ta Amurka kuma akwai wata ƙatuwar ungulu da a ke kira kondo. Da a ka ga tana ƙarewa, sai hukuma ta yanke shawara a kama dukan waɗanda su ka rage. An yi gardama mai zafi, waɗansu na cewa gara tsuntsu ya ƙare da 'yancinsa da a kulle shi. Cikin 1987 a ka kama ta ƙarshe, jimlarsu duka 27. Cikin 1992 a ka fara mai da 'ya'yansu daji, yanzu kuwa sun haura 500.

Har wa yau masu bincike da tarkon maharba su ke aiki. Akwai wani na mutanen Indiya, ɗan keji ne da a ke sa ɓera a ciki, a ɗaɗɗaura zarge a bayansa, kusan asuta ke nan. In shaho ya kamu sai a auna shi, a sa masa zobe mai lamba a ƙafa, ko a goya masa wata 'yar na'ura mai aika labari ta tauraron ɗan Adam, a sake shi nan take. Ta haka a ka san hanyoyin da su ke bi da wuraren da su ke mutuwa.

Inda sana'ar ta yi ɓarna

Ba za a ce farauta da shaho alheri kaɗai ta jawo ba. Da arzikin man fetur ya samu a ƙasashen Larabawa, sai mota ta maye gurbin raƙumi, ɗaki mai sanyi ya sa ba a bukatar sakin tsuntsu da zafi, kuɗin shaho kuwa ya yi tashin gwauron zabo. Masu tarko su ka bazu cikin Asiya ta Tsakiya suna kama wani babban shaho da a ke kira sakar, musamman mata don sun fi girma, har ya shiga jerin masu haɗarin ƙarewa. Hubara ma ta yi ƙaranci a ƙasarsu, mafarauta su ka shiga neman ta a waɗansu ƙasashe. Tun daga shekarun 1980 ayarin manyan baƙi da motoci da shahuna su ka riƙa shiga dajin Jamhuriyar Nijar, su ka yi wa tuje da barewa ɓarna mai yawa.

Daga baya waɗansu shugabanninsu sun nemi gyara. Cikin 1995 Shaihu Zayid na Abu Dabi ya kafa shirin mai da shahuna ƙasashen da su ke hayayyafa, an kuwa saki fiye da 2,000. Cikin 1999 a ka buɗe asibitin shaho a Abu Dabi, cikin 2010 kuma a ka kafa sheƙa 5,000 na ƙirar hannu a filayen Mongoliya don sakar ya sami wurin ƙwai. Yawancin shahunan da a ke saye yanzu a can na kiwo ne. A shekarar 2010 ɗin ne hukumar UNESCO ta sa farauta da shaho cikin al'adun duniya da ya kamata a adana.

Abin lura a nan shi ne, tarkon Balaraben ƙauye da na ɗan kasuwa iri ɗaya ne. Na farko ya ɗauki ɗaya ya mayar, na biyu ya kwashi abin da ya samu bai mayar ba.

Ungulun ƙasar Hausa

Dattawa sun san lokacin da ba a raba mahauta da ungulu a kowace kasuwa ta ƙasar Hausa. Har karin magana a ka yi da ita, a ka ce ungulu ba ta jewar banza. Yau akwai yara da yawa a ƙasar Kano da Jigawa da Katsina waɗanda ba su taɓa ganinta ba.

Wani Bafaranshe mai suna Jean-Marc Thiollay ya ƙidaya tsuntsaye masu farauta a bakin hanyoyin Nijar da Mali da Burkina Faso tsakanin 1969 da 1973. Ya sake bin hanyoyin nan cikin 2003 da 2004, ya tarar manyan ungulaye sun ragu da fiye da 90 cikin 100 a wajen gandun daji. Cikin 2015 ƙungiyar duniya mai lura da halittu ta sa ungulun gida da waɗansu danginta uku na Afirka a matakin da ke dab da ƙarewa.

Dalilan suna da yawa. An sare manyan itatuwan da ta ke sheƙa, ana sa wa mushe guba, namun daji sun ragu. Amma a Afirka ta Yamma babban dalili shi ne cinikin kanta da ƙafafunta da ƙwanta don tsibbu da neman sa'a, kuma kasuwannin Nijeriya su ne kan gaba. Cikin 2020 an kashe fiye da 2,000 da guba a ƙasar Gini Bisau, da yawa an tarad da su ba kai. Akwai kuma labarin wata farar ungulu da masana su ka goya wa na'ura a ƙasar Girka cikin 2013, su ka sa mata suna Faskalis. Ta ƙetare teku da hamada lafiya, ta sauka kudancin Nijar. Cikin 2014 wani maharbi da ya zo daga Nijeriya ya kashe ta don sayarwa, na'urar kuwa ta ci gaba da aika labari daga wannan gefen iyaka.

Ungulu ba ta jure irin wannan kisa, domin ƙwai ɗaya tak ta ke yi a shekara. Ta yi kwanci wajen kwana 50, ɗan kuma ya yi wata uku ko fiye kafin ya tashi. Zabuwa ta kan cika gurbi da ƙwai cikin damina ɗaya, amma in an kashe ungulu ɗaya sai an yi shekaru kafin a sami madadinta.

Wanda ya ke ganin rashinta ba hasara ba ne, ya dubi Indiya. Can wani maganin shanu mai suna daikulofenak ya kashe fiye da 95 cikin 100 na ungulayensu kafin a hana shi cikin 2006. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili, ruwa ya gurɓata, karnukan da ba su da masu su su ka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru. Wani bincike da a ka buga cikin 2024 ya kimanta cewa wajen mutum 500,000 su ka rasu tsakanin 2000 da 2005 saboda haka. Sauran dangin ma suna da nasu aiki. Shaho na rage jan-baki da ɓeraye, mujiya na farautar ɓera da dare, waɗansu kuma da ke zuwa daga Turai da rani fara ce abincinsu.

Abin da ya rage

Doka ba ta yi ƙaranci ba. Tun 1916 Turawan mulki su ka yi dokar kiyaye namun daji, Gwamnatin Jihar Arewa ta yi tata cikin 1963, Gwamnatin Tarayya kuma ta yi dokar hana cinikin halittun da ke ƙarewa cikin 1985, ta ƙara mata ƙarfi cikin 2016. Akwai ƙungiyar NCF wadda ta ke zama da masu maganin gargajiya don a musanya sassan ungulu da itatuwa. Akwai makarantar binciken tsuntsaye ta APLORI kusa da Jos, kuma tun 2015 samari masu sa kai ke zaga ƙasa suna rubuta tsuntsayen da su ka gani a kowane yanki. A Jigawa kanta an sa dausayin Baturiya na ƙasar Haɗejiya cikin wuraren da duniya ta yarda a kiyaye, cikin 2008.

Amma labarin shahin ya nuna cewa doka da masana ba su isa su kaɗai ba. Hana DDT ya tsai da mutuwa, masu tarko ne su ka komo da tsuntsu. A ƙasar Kazaure da Babura ma, babu wanda ya san itacen da ungulu ta ke sheƙa, da dutsen da shaho ke kwana, da watan da kowanne ke ƙwai, kamar maharbi da makiyayi. Sanin nan shi ne abin da mai ƙidaya ke nema ya rasa. In Sarkin Baka da mutanensa su ka yarda su nuna wa masu ƙidaya wuraren sheƙa, dagaci ya hana sare itacen da ke da ita, Sarkin Fawa ya hana taɓa ungulu a mahauta, malamai kuma su ka tuna wa jama'a cewa shari'a ta hana kashe tsuntsu ba bisa haƙƙi ba, to, an yi rabin aikin ba a kashe ko kwabo ba.

Mutanen Kalifoniya sun jira har saura 'yan kaɗan kafin su tashi, su ka kashe dukiya mai yawa, har yanzu ba su gama ba. Ungulun Afirka ta Yamma ba ta kai nan ba tukuna. Akwai sauranta a waɗansu garuruwa da dazuzzuka, kuma tsuntsu ce mai son zama kusa da mutane. In an bar mata itace da mushe marar guba, an kuma daina sayen kanta, ba ta bukatar keji ko na'urar ƙyanƙyasa kafin ta komo kasuwa.